Bangon da Na Ƙi Fasawa

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, amma tashi daga shimfiɗa kawai, don duk wanda ya san hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi a shekarun nan ya san ba a kama ta sai rana ta fito sarai, jami'an tsaro sun buɗe hanya, motoci sun taru sun yi jerin gwano. Ni da abokina mai aikin wayarin ɗin lantarki muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, muka zauna jiran mota ta cika. Da yawa cikin masu bibiyata a nan sun tambayi abin da ya fitar da ni a ƙarshen damina, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo kuma kowa ke lissafin fitarsa. To ga labarin, kuma ba mai daɗi ba ne.

Muna da injin zane na lesa a gida. Wuta ce siririya kamar allura take ƙona rubutu ko hoto a jikin katako, fata, ƙwarya da roba. Na ce muna da shi, amma gaskiya na maiɗakina ne. Ita ta yi karatun kwamfuta, ita ke tsara zanen, ita ke tsaye a kansa daga safe zuwa la'asar. Ni nawa karɓo aiki ne da kai wa masu shi, da amsa yabo a madadinta. Allunan walimar sauka da take yi sun kai har Gusau. Duk abin da injin nan ya ƙona kuwa hayaƙi yake fitarwa, hayaƙin roba ma har ɗaci yake bari a maƙogwaro. Shi ya sa ake haɗa shi da bulowa, wato fankar da ke zuƙe hayaƙin ta tura shi waje ta cikin mesa. Wadda ta zo da injin ba ta ja. Na sayo ta biyu a Gusau, ita ma hayaƙin ya ci gaba da yawo a ɗaki kamar shi ya biya haya. Shekara ɗaya da wata huɗu maiɗakina tana shaƙa. Tari ya fara kamar na mura, ya koma wanda ke durƙusar da ita. Likita ya ce ko a fitar da hayaƙin nan ko ta bar sana'ar. Ita kuwa sana'ar nan ita ce abin da ta gina da hannunta, ba ta son ko a ambaci barin ta.

Sai wani ya ba ni labarin cewa a kasuwar Shinkafi ana samun manyan bulowa na hannu, waɗanda aka cire daga injinan casar shinkafa. Na ce abin nema ya samu. Kafin in fita na gargaɗe ta kada ta kunna injin sai na dawo, ko da yake akwai allunan sauka na wata Islamiyya da za a karɓa ranar Asabar. Ta ce to, irin to ɗin da na san bai kai zuci ba.

Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, buhuna a but har murfin bai rufe ba, an ɗaure shi da igiya. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, da na yi magana direba ya ce rabin na mai ne, rabin na ransa. Na biya. Da farko ana ta hira, ana gardamar farashin taki. Muna wuce ƙauyukan da ke kusa da gari sai hirar ta fara mutuwa da kanta. Direba ya kashe rediyo. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta fito da carbi. Gonaki sun yi kyau, gero ya nuna, amma akwai wuraren da za ka ga gona rabi an nome rabi ciyawa ta cinye, ka san mai ita bai samu ya ƙarasa ba. Mun wuce wani ƙauye da babu ko kaza a cikinsa, rumbuna a buɗe, wata bishiyar ɗorawa ta faɗo kan katanga babu wanda ya ɗauke ta. Na ji baƙin ciki ya taso mini, don na taɓa cin kasuwa a wurin ina yaro.

A shingayen bincike sai a sauka a taka da ƙafa, a ɗaga hannu, a sake shiga. Na daina ƙirga su. A Moriki muka tsaya aka sauke buhu biyu. Na nemi fura, mai furar ta dama mini da nonon da ya fi kama da ruwan wanke ƙwarya, ta ce in yi haƙuri, shanun da ke ba da nono sun bi masu bindiga. Hocen da abokina ya saya, wato gasasshiyar wainar dawa, shi ne ya riƙe mu, shi dai bai canza ba, yana nan da taurinsa kamar yadda kakanninmu suka bar shi.

Mun shiga Shinkafi kafin azahar. Kasuwa tana ci, ko da yake masu shekaru sun ce wannan inuwar ta da ce kawai. Shinkafa tuli-tuli, albasa, busasshen kifi, 'yan Nijar da rawunansu suna canjin sefa a gindin bishiya. Muka kutsa har layin 'yan gwangwan, inda tsofaffin injuna ke zube kamar ƙasusuwa a mahauta. Nan na ga bulowa iri-iri. Akwai ƙanana na maƙera da suka gaji zugazugi, akwai masu fukafukai irin na fankar bango, akwai masu jiki a naɗe kamar katantanwa. Masu sayarwa ba su da abin gwaji sai ƙara. A jona ta a janareta, ta yi kururuwa, hular wani ta tashi, sai a dube ka a ce ka ji ƙarfi. Na tambayi wani iska nawa take ja, ya ce duk wadda ta samu.

Ni ma da kunne na yi ciniki, ban fi su ba. Na zaɓi wadda ta fi kowace ruri, katantanwa ce mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinta sai mutum biyu. Abokina ya juya ta, ya karanta abin da ke jikinta, ya ce janaretanmu zai sha wuya. Na ce janareta ya mutu in dai hayaƙi zai fita. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa. Na lura da hakan, kuma ban tambaye shi ba, don na san inda maganar za ta dosa.

Bakin bulowar ya fi mesarmu faɗi nesa ba kusa ba, dole a ƙera mata mahaɗi. Mai gwangwan ya ce mu nemi wani dattijo mai walda a Zurmi, wanda ke ƙera fankokin injin sussuka, ya ce duk yankin babu wanda ya san halin iska kamarsa. Yamma ta yi, hanya ta rufe, muka kwana gidan wani ɗan'uwan abokina. An yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, tuwon da ya sa na gane sunan garin ba a banza ba. Na nemi maiɗakina a waya, babu sabis. Wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu, ban kawo komai a raina ba.

Da safiyar Juma'a muka ɗora ƙatuwar a but, direba ya caje ta kuɗin mutum guda, ya ce ai ta fi wasu fasinjojin nauyi. Muka dawo baya, muka canza mota, muka nufi Zurmi. Hanyar ta fi ta jiya ramuka, ruwan damina ya cinye gefenta, a wasu wuraren mota sai ta sauka ƙasa ta bi sawun babura. Mun ci karo da mata ɗauke da ƙullin kaya a ka, yara na biye, suna tafiya a gefen titi ba mai magana. Wani fasinja ɗan Gurbin Bore ya ce haka ake yini, wasu na barin ƙauye, wasu na komawa don yunwar gari ta fi tsoron daji. A tashar Zurmi muka ci rogo da ƙuli a tsaye, muka ɗauki mai kura ya tura mana kayan.

Dattijon yana aiki a wata rumfar kwano bayan kasuwa. Gajere ne, gemunsa fari, idonsa ɗaya wutar walda ta rage masa gani. Muka gaisa, na yi masa bayani, na nuna masa injin a waya, na buga ƙirji na nuna masa abin da na sayo. Ko kallon kirki bai yi mata ba.

"Samari, taku nawa na daga bayan injin zuwa inda hayaƙin ka hita?" ya tambaye ni.

Na lissafa a raina. Mesar ta tashi daga bayan injin, ta hau bango, ta bi saman ƙofa, ta zagaya baranda, ta ratsa zaure, sannan ta leƙa titi. Na ce taku goma sha tara, Baba.

"Gwiwa nawa kunka yi mata?"

Na ce biyar.

Ya shiga rumfa ya fito da tsohuwar mesar ban-ruwa, ya yanko guntu kamar kamu ɗaya, ya ce in hura. Na hura, iska ta fita fes. Ya miƙo mini sauran, doguwa, ya naɗe ta a hannunsa ninki biyar, ya ce in sake. Na hura har jijiyar wuyana ta tashi, abin da ya fito a ɗaya bakin bai isa ya kashe ashana ba. Masu zaman rumfar suka yi dariya, abokina ya juya baya yana duba wani ƙarfe da babu abin dubawa a jikinsa.

Sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce lambar da ake rubutawa a jikin bulowa ƙarfinta ne a fili, ba a ɗaura mata komai ba. Kowane taku na mesa yana cin wani abu daga ƙarfin, kowace gwiwa tana cin fiye da haka, mesa mai ƙunƙurai a ciki kuma ta fi bututu mai santsi ci. Ya ce mai fukafukai ta sanyaya mutum ce, ba ta iya tura iska cikin dogon bututu, katantanwa ce ke da wannan ƙarfin, kuma wadda na sayo a Gusau irinta ce, ta ishi ɗan injin namu. Ya ce a ajiye bulowa can ƙarshe kusa da waje, ta riƙa janyowa, don in ta zauna kusa da injin tana turawa, duk inda mesa ta huje a cikin ɗaki hayaƙin zai fita. Ya ce a bar wa iska wurin shiga ɗakin, don ba a zuƙe abu daga tulun da aka toshe. Ƙatuwar da na wahala a kanta kuwa, ya ce in na jona ta a wannan mesar roba za ta tsotse ta ta manne kamar hanjin da aka wanke. Ba girin-girin ba, in ji shi, ta yi mai.

"Kun bar jaki kuna dukan taiki," ya ce. "To mi ke bayan bangon da kunka jingina injin?"

Na ce kango ne.

"Na wa?"

Na ce na yayana.

Ya tsaya yana jiran sauran maganar, bai ji ba. Ya dube ni da idonsa mai kyau, ya dubi abokina, ya gane.

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa masa ba. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gida. Ni na samu ɓangaren da nake ciki, yayana ya samu nasa haɗe da kangon da ke bayan ɗakin nan. Kangon nan ni na so shi, don a nan na yi niyyar gina shago. Malamai suka raba bisa ƙa'ida, ban da hujja, sai zafin rai. A gaban dangi na miƙe na ce ko allura ba zan sake roƙonsa ba har in mutu. Tun daga ranar gaisuwarmu ta masallaci ce, hannu ya taɓa hannu, ido bai ga ido ba. A garinmu kuwa ko indararo ba ka sakawa ya zuba a filin wani sai ka je ka yi sallama ka nemi izini, balle ka fasa bango ka fitar da bututu. Don haka da aka kawo injin, na tsaya na auna hanyar da ba za ta bi ta ƙofar yayana ba, na sayo mesa taku goma sha tara. Abokina ne ya ɗaura ta da hannunsa. Ya sani, maiɗakina ta sani, duk wanda ya shiga zauren nan ya ɗaga kai ya sani. Babu wanda ya faɗa, saboda an san halina.

Dattijon ya naɗa mini guntun bututun kwano mai santsi, faɗinsa inci shida, da gwiwa ɗaya mai faɗin lanƙwasa da 'yar hula ta hana ruwan sama. Ya ce a fasa bango daidai bayan injin, bututu ya fita ya miƙe sama ya wuce rufi, shi ke nan. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Wanga aiki ba na walda ba na, ɗana. Tahi ka yi sallama."

Mun yi Juma'a a Zurmi muka kamo hanyar gida, ƙatuwar bulowa a but, guntun bututu a cinyata. Raina a jagule yake, ina ta tsara yadda zan aika wani dattijon unguwa ya nemo mini izinin ba tare da na taka ƙofar ba. Har a lokacin dabarar kauce wa sallama nake nema. Muna dab da Kaura sabis ya dawo, wayata ta hau ƙara ba tsayawa. Kira ya fi ashirin, kuma mafi yawansu daga lambar da na goge shekara biyu da rabi da suka wuce, amma ban manta ta ba.

Abin da ya faru shi ne, ranar Alhamis da hantsi maiɗakina ta kunna injin don ta gama allunan mutane. Ta yi fiye da rabi numfashinta ya sarƙe, ta faɗi a bakin ƙofa. Yara suna makaranta. Yayana yana kangon nan yana ba awakinsa harawa, ya ji tarinta ta bango, ya ji ya yanke. Shi da matarsa suka shigo suka ɗauke ta zuwa asibiti.

Daga tasha can na wuce. Na same ta a kwance da robar iska a hanci, matar yayana na yi mata fifita. Shi kuma yana zaune a benci a waje, da ledar magani a hannu, da alama nan ya yini jiya da yau. Na tsaya a gabansa da bututun kwano a hammata kamar wani sakarai. Na ce, Yaya, ina wuni. Ya amsa. Na ce ina son in fasa bangon baya, in ka yarda.

"Bello, shekara guda nike jin tarin yarinyar ga ta bangon nan," ya ce. "Kullum ina cewa yau za ka zo. Ni ma da na bi ta taka na yi shiru, Allah shi yahe mani. Bango na, ka hwasa."

Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, da haushin kaina.

Ranar Asabar da safe magini ya zo. Kafin kokon da aka kawo masa ya huce ya gama huda bangon. Abokina ya sauke mesar nan taku goma sha tara, da muka leƙa cikinta baƙin danƙo ne ya yi kauri a kowace gwiwa. Ya ɗaura tsohuwar bulowar Gusau a waje, wadda na yi wata takwas ina zagi. Muka sa guntun katako muka kunna. Hayaƙin ya kwanta ya bi bayan injin ya fice, ko wari ba ka ji a ɗakin. Ƙatuwar Shinkafi tana zaure har yau, ba a taɓa jona ta ba, yara sun mai da ita kujera.

An ce tafiya mabuɗin ilmi, to ga abin da na samo, ga duk mai irin wannan injin. Kafin ka sayi bulowa auna hanyar hayaƙinka tukuna. Gajarta ta, rage gwiwa, sa bututu mai santsi daidai faɗin bakin injin, zaɓi katantanwa, ajiye ta can waje, ka bar taga a buɗe. Kada ka yi ciniki da kunne. In kuma akwai wanda ya kamata ka yi wa sallama, ka je yau. Na ratsa ƙananan hukumomi uku a hanyar da mutane ke barin wasiyya kafin su hau, don kawai kada in yi taku goma zuwa ƙofar ɗan'uwana, kuma ba ƙirjina ne ya biya ba.

An sallamo maiɗakina bayan kwana biyar, da abin shaƙa a jaka. Likita ya ce ta yi nesa da kowane irin hayaƙi, har na murhu, injin kuwa ko an gyara kada ta sake tsayawa a kansa. Na tambaye shi ko ƙirjin zai koma kamar da, bai yi mini alkawari ba. Yanzu daga ɗaki take tsara zane, ni nake tsayawa a injin, kuma masu karɓar aiki sun fara cewa hannun ya canza.

Jiya da safe ina ƙona wani allo sai na ji motsi a bayana. Ita ce a tsakar gida, nesa da ƙofar, mayafi a hanci, ta ɗaga kai tana kallon bututun da ya wuce rufi, hayaƙi na tashi siriri yana bajewa a sama. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe dama haka shika tahiya," ta ce.

Ta juya ta koma ɗaki, ina jin tarinta har ta rufe ƙofa.